Tambaya: Manhajar kiɗa da ake bayarwa ɗanya, ta yaya makaɗi zai amfana da ita?

Mai Sauti, Daura, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da injiniyoyin wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya.

Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a cikin garin Daura, kuma akasarin aikina ɗaukar waƙoƙin biki ne da tallar 'yan kasuwa. Amma tun bayan Sallar Gani da ta wuce na ɗora wa kaina wani aiki na daban, wato naɗar kiɗan wani dattijo mai goge da ke zaune a wani ƙauye kan hanyar Zango, wanda ƙarfinsa ya fara ja baya, kuma a cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaje shi. Na ɗauke shi sau huɗu lafiya lau. Ranar da na gwada raka shi da fiyano ne ya tsayar da hannunsa, ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan akwatin naka ƙarya yake yi." Na ɗauka wasa ne irin na tsofaffi, sai da na koma gida na saurari abin da na naɗa sannan na ji cewa lallai wasu daga cikin sautukan gogensa suna faɗawa ne a tsakanin maɓallai biyu na fiyano, ba a kan ɗayansu ba.

A neman mafita na ci karo da wata ƙaramar manhaja da wani mai bincike a ƙasar waje ya rubuta, wadda aka ce tana auna tsayin kowane sauti a cikin kiɗa, ta fitar da ma'aunin da za a iya saita kayan kiɗan kwamfuta da shi. Kyauta ce, amma babu wurin da za a danna a sauke ta a girka kamar yadda muka saba. Ɗanyen rubutunta kawai aka ajiye, tare da umarni da Turanci cewa mutum ya gina ta da kansa. Ƙanena ya taɓa sa mini Ubuntu Studio, wani nau'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a wata tsohuwar kwamfutar cinya mai ram (ƙwaƙwalwar aiki) giga 4, don haka na buɗe baƙin allon nan na umarni, na riƙa kwafo abin da aka rubuta ina mannawa.

Daren farko ta tsaya ta ce `sndfile.h: No such file or directory`, alhali na duba na ga akwai wani abu mai irin wannan suna a cikin kwamfutar. Dare na biyu, bayan na sauke abubuwan da ban san adadinsu ba, ta kama aiki har kusan minti arba'in, fankar ciki tana ƙugi, gindin kwamfutar ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya, sai kawai ta rubuta `Killed` ta yi shiru. Dare na uku aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirin kuma dama ba ya riƙe caji.

Abin da nake son sani shi ne ma'anar waɗannan saƙonni biyu da yadda ake wuce su. Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi damuna: idan an ce manhaja ta kowa ce, amma sai wanda ya karanci kwamfuta ne zai iya tayar da ita, ina rabon makaɗi a cikinta? Na gode.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura, Katsina, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Sauti, sannu da ƙoƙari, domin inda ka kai a dare uku wasu ɗalibanmu ba sa kaiwa a mako guda.

Bari in fara da saƙon farko. Manhaja irin wannan ba ta tsayawa da ƙafarta, tana jingina ne da wasu ƙananan manhajoji da wasu mutane suka riga suka rubuta, kamar libsndfile wadda aikinta karanta fayil ɗin sauti, ko FFTW wadda ke yin lissafin rarrabe sauti. A Ubuntu da Debian, wadda ita ma nau'in Linux ce, an raba kowace ɗaya gida biyu. Akwai kashin da ake buƙata domin manhajar da aka riga aka gina ta yi aiki, shi ne wanda ka gani a kwamfutarka, akwai kuma kashin da magini ke buƙata, wanda sunansa ke ƙarewa da `-dev`. Fayil ɗin `sndfile.h` yana cikin `libsndfile1-dev` ne. Duk lokacin da ka ga an ce ba a ga wani fayil mai ƙarewa da `.h` ba, to kusan kullum wannan ce cutar, maganinta kuma a nemo kashin `-dev` ɗin a girka. Kafin komai ma ya kamata a sa `build-essential` da `cmake` da `pkg-config` da `git`, waɗanda su ne kayan aikin maginin kansa. Wani abu da zan ja hankalinka a kai shi ne, idan jan rubutu ya cika allo, kada ka karanta layin ƙarshe, ka hau sama ka nemo kuskuren farko, domin sauran duk 'ya'yansa ne.

Ka kuma yi hattara da JACK, wato manhajar da ke haɗa sauti tsakanin manhajoji. Tana da zubi biyu, kuma idan umarnin da kake bi ya ce ka sa `libjack-dev` alhali kwamfutarka tana kan zubi na biyu, za ta iya neman cire maka abin da kake aiki da shi. Wanda ya dace a wannan hali shi ne `libjack-jackd2-dev`. Ka riƙa karanta jerin abin da aka ce za a cire kafin ka amince.

Saƙo na biyu kuwa ba laifinka ba ne, ba kuma laifin manhajar ba ne. Ram ne ya ƙare. Ina kyautata zaton umarnin da ka kwafo yana ɗauke da `-j4` ko `-j8`, wanda ke nufin a gina fayil huɗu ko takwas a lokaci guda, kuma rubutun C++, wani yaren rubuta manhaja, yana cin ram sosai wajen ginawa, har fayil guda kan iya cin fiye da giga ɗaya. Da wuri ya ƙure, sai Linux ta kashe aikin domin ta ceci kanta. Ka rufe burauza da duk wata manhaja, ka rubuta `make -j1`, ka ɗora kwamfutar a kan wani abu da iska za ta ratsa ƙarƙashinta, ka bar ta ta yi a hankali. Batun ɗauke wuta kuma kada ya karya maka gwiwa: `make`, wato manhajar da ke tafiyar da ginin, tana duba abin da ta riga ta gama, don haka idan ka sake kiranta daga inda ta tsaya take ci gaba, muddin ba ka goge jakar da take ginawa a ciki ba. Idan ta yi ƙorafi a kan fayil ɗin da take kai lokacin da wutar ta tafi, shi kaɗai za ka goge.

Amma duk wannan bayani, da a ce kusa da ni kake, da ba ta nan zan fara da kai ba. Da na tambaye ka ko ka duba an riga an gina abin da zai yi maka wannan aiki. Sonic Visualiser, wadda aka rubuta a Jami'ar Queen Mary da ke Landan, tana nan a gine don Windows da Mac da Linux, kuma tana karɓar wani ƙari mai suna pYIN wanda aka fitar a 2014 musamman don bin tsayin sauti guda ɗaya, goge kuwa tsarkiya ɗaya ce. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa sent. Daga sauti zuwa ninkinsa, misali daga 440 zuwa 880 a ma'aunin girgiza, sent 1200 ne, fiyano kuma ya raba wannan tazara gida 12 daidai wa daida, kowane maɓalli sent 100. Kunnen dattijonka bai yi yarjejeniya da wannan rabon ba, shi ya sa ya ƙaryata akwatin.

Idan ka samu alƙaluman, ba ka buƙatar manhaja ta rubuta maka fayil ɗin ma'auni. Tsarin Scala, mai ƙarewa da `.scl`, rubutu ne zalla da za ka iya bugawa da hannu: layi ɗaya na bayani, layi ɗaya na yawan sautuka, sannan kowane sauti a layinsa da adadin sent ɗinsa, tare da ɗigo a cikin lambar domin a gane sent ne, na ƙarshe kuma yawanci 1200.0. Surge XT, manhajar kayan kiɗan kwamfuta wadda aka saki rubutunta ga jama'a a 2018 kuma ake samunta a gine, tana karanta irin wannan fayil, sai maɓallan fiyanonka su koma bin ma'aunin gogen.

Alhaji Mai Fiyano, Sabon Layi, Katsina, ya amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito sarai. Sai dai ka amsa rabin tambayar ne, ka bar rabin da ya fi nauyi.

Na fara wannan sana'a tun ana naɗa a kaset, na ga shigowar fiyanon Yamaha, na ga shigowar manhajojin haɗa kiɗa irin su Cubase da FL Studio, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin mawaƙi ya shigo situdiyo ya tambayi lasisin manhajar da ake masa aiki da ita ba. Abin da yake tambaya shi ne ko waƙar za ta fito kafin ranar kamu. Ka lissafa abin da ƙanenmu na Daura ya kashe: dare uku na barci, data da ba a dawo da ita, da man janareta idan ya tayar. Wanda ya rubuta umarnin nan yana zaune ne a inda wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma ba a auna masa da mudu, don haka a wurinsa "sauke waɗannan abubuwa goma" magana ce ta minti biyar. Ba na zarginsa, kyauta ya yi, kuma ba a duba haƙoran dokin kyauta a gaban mai shi. Amma kada mu yaudari kanmu mu ce abin ya iso ga makaɗi. Ya iso ga injiniya ne, makaɗi yana bakin ƙofa.

Na san za a ce ai makaɗanmu na gargajiya da kansu suke haɗa kayan kiɗansu, kuma gaskiya ne. Mai goge shi ke zaɓen ƙwaryarsa, ya rufe ta da fatar guza, ya ɗaura izgar doki, ya goga ƙaro. To amma a gaban ubansa ko maigidansa ya koya, da Hausa aka yi masa faɗa lokacin da ya ɓata fata ta farko, kuma idan tsarkiya ta tsinke yana ganin inda ta tsinke da idonsa. Wannan kuwa abu ne da ke mutuwa a cikin duhu ya bar maka kalma ɗaya ta Turanci.

Zan faɗi wata gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba. Yawancin situdiyoyinmu da fasassun manhajoji suke aiki, waɗanda ake sa wa mutum a kasuwa a kan kuɗi kaɗan, kuma kowa ya san hakan ba daidai ba ne, ga haɗarin cutar kwamfuta da ke biyo su. Dalilin da ya sa suka ci kasuwa ba arha kaɗai ba ce. Akwai yaron da zai sa maka, akwai wanda za ka kira idan ta ƙi tashi. Manhajar da ku kuke yabo halal ce tsantsa, amma ba ta da wannan yaron.

Malama, Ƙofar Marusa, Katsina, ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni ba makaɗiya ba ce, ina koyar da ilimin harshe ne a wata makaranta a nan Katsina, amma aikin auna karin sautin Hausa ya sa na daɗe ina hulɗa da irin waɗannan manhajoji, kuma ina da abin cewa ga Malam Mai Sauti da kuma ga Alhaji.

Malam, mu abin da muke amfani da shi shi ne Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta cin data, kuma a Windows ba a ma girka ta, buɗewa kawai ake yi. An saita ta ne don muryar ɗan Adam, saboda haka sai ka ɗaga iyakar tsayin sautin da take nema kafin ta bi goge yadda ya kamata. Ko da ita ko da wadda Injiniya ya ambata, ka tabbata ka naɗi gogen shi kaɗai, domin idan ƙwarya ko kalangu ko 'yan amshi suka shiga, layin da za ta zana maka zai riƙa tsalle kamar fara. Sannan kada ka yi tsammanin za ka samu lamba guda tsayayya ga kowane sauti. Goge ba shi da matakala a wuyansa, yatsa yana zamewa ne daga wannan sauti zuwa wancan, kuma sau da yawa daɗin kiɗan a cikin zamewar yake, kamar yadda kalangu ke bin hawa da saukar magana idan aka matse igiyoyinsa. Ma'aunin da za ka rubuta zai kama wuraren da dattijon ke tsayawa ne kawai. Ka auna kowane sauti a wurare da dama, kuma alƙalin ƙarshe kunnensa ne.

Alhaji kuma, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai cewa abin bai iso ba, amma ban yarda cewa ɗanyen rubutun ba shi da amfani ga makaɗi ba. Manhajar da aka rufe, ranar da kamfaninta ya daina kula da ita ta mutu ke nan, duk aikin da ka ajiye a cikinta kuma yana iya bin ta. Dubi manhajojin ƙirƙirar sauti biyu: Csound ta fito ne daga jami'ar MIT ta Amurka tun shekarun 1980, SuperCollider kuma James McCartney ya fitar da ita a 1996 ya saki rubutunta a 2002, kuma har yau ana aiki da su, saboda duk lokacin da kwamfutoci suka sauya akan samu wanda zai sake gina su. Ga wanda ke naɗar kiɗan da mai shi ba zai daɗe ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan fassara: manhajar da rubutunta ke buɗe ana iya mayar da kalmomin fuskarta zuwa Hausa ba tare da roƙon kowa ba. Cewa ba mu yi ba, wannan namu ne.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura, Katsina, ya sake amsawa:

Ranka ya daɗe Alhaji, na karɓi gyara. Yaron da ka ce babu, shi ne ainihin abin da ya ɓace, kuma ko a ƙasashen da ake rubuta manhajojin ba kowane makaɗi ke ginawa ba. Akwai masu sa kai a Debian da Ubuntu Studio da KXStudio waɗanda aikinsu ke nan, su gina sau ɗaya dubbai su sauke. Ƙananan manhajojin bincike irin wadda Malam ya tarar su ne ke faɗawa a rami, domin mai su mutum ɗaya ne, kuma gina manhaja don Windows da Mac da Linux, a gwada kowace, a amsa koke, aiki ne da ya kan fi rubuta ta cin lokaci. Ardour, manhajar naɗar sauti a situdiyo, misali ce mai kyau. Paul Davis da abokan aikinsa sun bar rubutunta kyauta ga mai son ginawa, amma ginanniyar da ke shafinsu ana biyan wani abu kafin a samu cikakkiyarta, da haka aikin ke ɗaukar nauyin kansa. Wato su da kansu sun nuna cewa ginin aiki ne mai daraja.

Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar da zubinsa na farko a 1989, ya halatta wa kowa ya gina, ya raba, har ma ya karɓi kuɗin wahalarsa, da sharaɗin ya ba da rubutun asalin ga wanda ya bai wa manhajar kuma kada ya hana shi rabawa. Saboda haka babu abin da ya hana mutum ɗaya a Katsina ya gina, a zuba a filash, a kai Daura da Funtuwa da Malumfashi. Sharaɗi biyu ne a aikace. A duba lasisin kowace manhaja tukuna, domin ganin rubutu a intanet ba shi ne izinin rabawa ba. Sannan mu daidaita a kan zubi ɗaya na Ubuntu, irin mai dogon zango da ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 24.04, domin abin da aka gina a kan wani zubi ba lallai ya tashi a kan wani ba. Malam, ka duba ko akwai fayil mai suna LICENSE ko COPYING a cikin jakar, ka gaya mini abin da ke ciki.

Mai Sauti, Daura, ya dawo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna.

Na bi shawarar Injiniya na sa `-j1`, na ɗora kwamfutar a kan bulo biyu a gaban fanka, na bar ta bayan Isha'i. An ɗauke wuta sau ɗaya, da aka dawo da ita na sake kiranta ta ci gaba kamar yadda aka ce, kafin Asuba kuma ta gama ba tare da jan rubutu ba. Sai dai da na tayar da manhajar na tarar ba ta da fuska ko kaɗan, umarni ake rubuta mata ta zubo lambobi, don haka na ajiye ta na koma kan Sonic Visualiser, inda aƙalla nake ganin layin sautin yana tafiya tare da kiɗan. Lasisin manhajar da na gina GPL ne, Injiniya, zan kawo maka jakar idan na shigo Katsina ranar Laraba.

Maganar Malama ta tabbata. Naɗi uku daga cikin huɗun da nake da su akwai ƙwarya a ciki, layin bai zaunu ba, na huɗun ne kaɗai ya yi amfani. Daga shi na fitar da sautuka biyar, na buga fayil ɗin ma'aunin da hannu, na sa a Surge XT, na ɗauki kwamfutar da ƙaramar lasifika a bayan babur na kai wa dattijon. Ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya sa na maimaita. Ya ce huɗu sun zauna, amma na ukun ya yi sama kaɗan, kuma dama ranar da na naɗa da hantsi ne, fata ta sha rana. Ya ce in dawo da sassafe ranar da ba kasuwa, ya ɗaura sabuwar izga, mu sake. Malama, sau nawa kike ganin ya kamata in auna kowane sauti kafin in ɗauki matsakaicinsa?